ZARE: Yadda Kifi Ɗaya Ya Jawo Wa Gari Gamsheƙa 11, da Sauran Tarihin Cinikin Macizai

1/ Jama'a, a shekarar 1953 akwai wani gari a Amurka da ya yi sama da wata biyu iyaye na kulle yara a gida, saboda gamsheƙa na yawo a unguwanni. Silar abin kuwa ciniki ne da ya ɓaci tsakanin mai shago da wani yaro. Ku gyara zama, yau tarihin cinikin macizai masu dafi za mu taɓa. 🧵

2/ Abin da ya sa na ɗauko maganar: kullum sai na ga bidiyon wani a TikTok yana wasa da maciji, a ƙasa kuma samarinmu na tambaya "nawa ne, ina ake samu?" Wannan kasuwa ta daɗe, kuma tana da tarihin da ya kamata mai sha'awa ya sani kafin ya tura wa kowa kuɗi.

3/ Garin sunansa Springfield, a jihar Missouri. Akwai wani mai shagon dabbobi, Reo Mowrer, yana sayar da kifayen ado da tsuntsaye da macizai. Ranar 15 ga Agusta 1953 wani magidanci ya ga baƙon maciji a tsakar gidansa ya fasa kai, ya sa fartanya ya kashe shi.

4/ Bayan kwanaki aka sake kashe wani a unguwar. Da aka duba, ashe gamsheƙar Indiya ce, wadda ba ta da abin da ya haɗa ta da Amurka. Ido ya koma kan Mowrer tunda shagonsa na kusa. Shi kuwa ya ce sam, babu macijinsa ko ɗaya da ya ɓata.

5/ Gari ya ruɗe. Maza suka fito da fartanyoyi da bindigogi, aka yi odar makarin dafi daga wani wuri tunda asibitin garin ba shi da shi. Kai ka ce Daura ce kafin zuwan Bayajidda, sai dai su nasu macijin ba ya cikin rijiya ɗaya, ko'ina yana iya ɓullowa.

6/ Abin dariya, har mota aka ɗaura wa lasifika tana zagaye gari da kiɗa irin na masu wasa da maciji na Indiya, wai ko za su fito. Alhali maciji ba shi da kunne a waje irin namu. Motsin ƙasa ya fi ji, kuma motsin hannun gardi yake bi da ido. 😅

7/ Zuwa ƙarshen Oktoba an kashe ko an kama gamsheƙa 11. Ta ƙarshe da rai aka kama ta, aka kai gidan zoo na garin. Cikin ikon Allah ba wanda aka sara. Mowrer ya ci gaba da musu har ya bar duniya, mutane kuma suka ci gaba da zarginsa.

8/ Sai a 1988, bayan shekara 35, wani mutum mai suna Carl Barnett ya faɗa wa jaridar garin cewa shi ne ya sake su. Lokacin yana ɗan shekara 14. Ya karɓi wani kifin ado a wurin Mowrer, da ya kai gida kifin ya mutu. Ya koma ya yi ƙorafi, mai shago ya ƙi sauraronsa.

9/ Yaro ya fito cikin fushi, ya ga akwatin macizai a bayan shago, ya buɗe shi ya yi gaba abinsa. A cewarsa ya ɗauka marasa dafi ne. To ku lura da abu biyu: ɗan kasuwar da ya raina ƙorafin mai saye, da akwatin gamsheƙa da yaro ke iya buɗewa da hannu ɗaya.

10/ Ni a wurina laifi ya rabu biyu, amma kason mai shago ya fi girma. Yaro ya yi wauta, ba musu. Amma wanda ya shigo da dabbar da ke kisa cikin gari, shi ke da alhakin kwaɗo da makulli da rubuta sunan abin da ke cikin akwati.

11/ Wani zai ce ai wannan sakacin ɗan kasuwa ne, masani ba zai yi haka ba. To ga labarin masani. Karl Schmidt na cikin manyan masana macizai na duniya a zamaninsa, ya yi shekaru yana aiki a gidan tarihi na Field da ke Chicago.

12/ Ranar 25 ga Satumba 1957 gidan zoo na Lincoln Park ya aiko masa da wani ƙaramin maciji daga Afirka don ya tantance ko wane iri ne. Ya ɗauke shi da hannu, macijin ya sare shi a babban yatsan hagu. Boomslang ne, macijin bishiya mai haƙoran dafi a can cikin baki.

13/ A lokacin masana da yawa na ganin irin waɗannan macizai ba su cika kisa ba, balle ƙarami. Schmidt bai je asibiti ba. Ya koma gida ya ɗauki littafi yana rubuta abin da yake ji: tashin zuciya, rawar sanyi, jini a dasashi, jini a fitsari, har abincin da ya ci.

14/ Washegari da safe ya ji dama-dama. Kafin yamma ya mutu, yana da shekara 67, jini ya tsinke masa ta ciki. Dafin boomslang yana hana jini daskarewa, kuma a hankali yake aiki, shi ya sa mutum ke zaton ya tsira. Makarinsa kuwa a Afirka ta Kudu ake yin sa.

15/ Nan ne gundarin maganar, don haka bari in ɗan tsaya. Albert Calmette, Bafaranshe na cibiyar Pasteur, shi ya samar da makarin dafin maciji a 1894. Ana yi wa dabba kamar doki allurar dafi kaɗan-kaɗan, jikinta ya haɗa garkuwa, sai a ɗebi jininta a tace.

16/ Sai wani likita a Brazil, Vital Brazil, wanda ya jagoranci cibiyar Butantan da aka kafa a 1901, ya gwada makarin Calmette da aka yi da dafin gamsheƙa a kan dafin macizan ƙasarsa. Bai yi aiki ba. Daga nan aka gane kowane rukunin dafi da nasa makarin.

17/ Ma'ana, ranar da ka sayi macijin wata nahiya ka ajiye a ɗaki, ka sayi ciwon da asibitin garinku ba shi da maganinsa. Likita na iya iyakar ƙoƙarinsa, amma kwalbar da za ta cece ka tana wata ƙasa. Dillali kuwa ba zai fara maka da wannan bayanin ba.

18/ Da kasuwa ta bunƙasa sai dokoki suka biyo baya. An sa hannu kan yarjejeniyar CITES a Washington a 1973, ta fara aiki a 1975, don sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Ingila ta yi dokar dabbobi masu haɗari a 1976: sai da lasisi, da duba wurin ajiya, da inshora.

19/ Doka ta zo, 'yan fasa-ƙwauri ma suka ƙaro dabara. Wanda ya fi suna shi ne Anson Wong na Penang a Malesiya. Jami'an kare namun daji na Amurka suka buɗe kamfanin bogi suna ciniki da shi, har suka ja shi zuwa Meziko aka kama shi a 1998.

20/ A 2001 kotun Amurka ta yanke masa wata 71. Ya fito ya koma ruwa. A Agustan 2010 jakarsa ta fashe a filin jirgin Kuala Lumpur, aka samu macizai 95 irin boa, da wasu biyu masu dafi 'yan uwan kasa daga Afirka, da kunkuru ɗaya. Duk a jakar matafiyi fa.

21/ Ku yi tunanin wanda zai sayi macijin da ya fito daga wannan jaka. An ce masa a gona aka ƙyanƙyashe shi, lafiyarsa lau. Alhali daga daji aka kamo shi, ya sha wuya a hanya, da ƙwayoyin cuta a jikinsa. Bayan sati biyu ya mutu, dillali ya daina ɗaga waya. Labarin kifin Barnett ke nan, sai dai kuɗin ya fi yawa.

22/ Ƙorafin masu saye a wannan harka kusan iri ɗaya ne tun da can: an turo wani iri daban da wanda aka biya, an ce mace sai ga namiji, ya iso a mace ko a galabaice, ba takarda. A maciji mai dafi kuskuren suna ba ƙaramin abu ba ne, don da sunan likita zai nemo makari.

23/ Intanet ta ƙara wa abin gishiri. Cinikin biri a sama ne: hoto kawai ka gani ka tura kuɗi. Shi ya sa masu kiwo na gaskiya a can suke bin tarihin dillali kafin su saya, su nemi shaidar waɗanda suka taɓa ciniki da shi, da rubutaccen alkawarin zai iso da rai.

24/ Kuma dillalin kirki shi ma yana yi wa mai saye tambayoyi. Ina lasisinka? Wa ya koya maka? Ina za ka ajiye? A jihar Florida sai ka nuna awa 1,000 na aiki da dangin macijin da kake son ajiyewa kafin a ba ka izini. Wanda ya miƙo maka gamsheƙa ba tambaya, kuɗinka kawai ya gani.

25/ Ƙa'idojinsu ba boyayyu ba ne: keji mai kwaɗo a cikin ɗaki mai kwaɗo, sunan maciji a jikin kowane keji, ƙugiya da dogon matsefi maimakon hannu, ba a aiki kai kaɗai ko cikin maye, sannan rubutaccen tsarin wane asibiti za a je da inda makari yake.

26/ Ga abin da ke faruwa in an tsallake su. A Yunin 2021 an ga wata gamsheƙa mai tofi, 'yar kudancin Afirka, a ƙofar wani gida a Raleigh ta North Carolina. Mai ita matashi ne mai ɗimbin mabiya a TikTok. Ashe ta tsere tun watanni kafin nan, bai kai rahoto ba.

27/ A wannan shekarar ma wani macijinsa, koren mamba, ya sare shi, sai daga gidan zoo na wata jiha aka kawo makari. Daga baya majalisar birnin ta hana sabon ajiye irin waɗannan dabbobi. Mutum ɗaya ya yi sakaci, masu bin ƙa'ida duka suka kwana a ciki.

28/ Mu fa ina muka shigo? Yammacin Afirka na cikin inda kasuwar ke ɗebo kaya. Ghana da Togo da Benin sun fitar da miliyoyin wata ƙaramar mesa mai dunƙulewa kamar ƙwallo zuwa Amurka da Turai. Ba ta da dafi, kuma tana cikin macizan da aka fi kiwo a gidaje a duniya.

29/ Sannan mu dafin maciji ba abin nishaɗi ba ne a wurinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Manoma da makiyaya ne suka fi shan wahalar.

30/ Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa, ita ta fi yi mana ɓarna a Arewa. Akwai asibiti sukutum na saran maciji a Kaltungo ta jihar Gombe. Makarin EchiTAb da ake amfani da shi, da dafin macizan Najeriya aka haɗa shi, amma a Birtaniya da Kosta Rika aka riƙa sarrafa shi.

31/ Wato ko na kububuwa da kasa da kumurci, waɗanda ke bayan gidajenmu, sai an yi jiran jirgi, wani lokacin ma ya yanke. To wanda zai shigo da macijin Asiya ko Ostireliya ɗakinsa a Kano ko Maraɗi don neman mabiya, in tsautsayi ya faɗa, wa zai kira?

32/ Kuma ba kansa kaɗai ya sa a haɗari ba. Gidajenmu na haya ne ko na gado, ga yara, ga maƙwabta katanga ɗaya. Mutanen Springfield ba su sayi komai a shagon Mowrer ba, amma su suka yi wata biyu suna leƙa ƙarƙashin gado.

33/ Ban ce sha'awar macizai laifi ba ce. Da masu tatsar dafi ake samun makari, kuma macizai na rage mana ɓeraye a gona. Mai sha'awa ta gaske ya karanci ilimin dabbobi ko likitancinsu, ya nemi koyon aiki a gidan zoo ko cibiyar bincike. Muna ma buƙatar irinsu sosai.

34/ In kuma maciji ya sari wani: kar a tsaga, kar a tsotsa, kar a ɗaure tamau. A cire zobe da abin hannu, a hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti ko da mutum ya ce ya ji sauƙi. Ku tuna Schmidt ma ya ji sauƙi da safe.

35/ Nan zan tsaya. Wanda ya san wani abokinsa da ke neman sayen maciji a intanet, ya tura masa wannan zaren kafin ya tura kuɗin. 'Yan Gombe da Taraba da Filato, ku ba mu labarin yadda ake fama a wajenku lokacin damina. Allah ya tsare mu baki ɗaya. 🙏🏾