Yadda Aka Gano Sirrin Zaman Tsutsa da Garkuwar Jiki

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ƙauran Namoda, Zurmi ko Shinkafi ya san tsargiya. Idan damina ta ɗauke, Gulbin Gagare da na Bunsuru suka ja baya, sai su bar tafkuna da kududdufai a fadama, nan yara ke wuni suna wanka da kamun kifi. Bayan ɗan lokaci yaro zai ga jini a ƙarshen fitsarinsa. A garuruwa irin su Kasuwar Daji abin ya zama ruwan dare, har a da wasu na ɗaukarsa alamar balaga. Akwai kuma abin da dattawa suka daɗe da lura da shi: cutar ta fi kama ɗan shekara goma zuwa sha biyar, idan ya girma sai ta lafa, ko da kuwa bai daina shiga ruwan ba. Me ke faruwa a cikin jiki? Fiye da shekara ɗari masana suka yi suna bin sawun wannan tambaya.

A 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya ga tsutsar a jijiyoyin jinin wata gawa a asibitin Kasr el-Aini na Alƙahira. Sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar, a Masar ɗin dai, cewa ƙwan da ke fita a fitsari yana ƙyanƙyashewa a ruwa, ya shiga jikin ƙaramar katantanwa, daga can 'ya'yan tsutsar su fito su huda fatar mai wanka. An san hanyarta ke nan. Abin da ya rage shi ne mafi ɗaure kai: jikin da ke fatattakar mura cikin mako guda, ta yaya yake barin tsutsa ta yi shekara uku zuwa biyar, wani lokaci fiye da haka nesa, tana kwance a tsakiyar jini?

Amsoshin sun fara fitowa ne a ƙarshen shekarun 1960, kuma da yawa daga cikinsu daga jikin mutanen Afirka. A 1966 da 1967 masana a Amurka da Suwidin suka gano wani sinadarin garkuwa da aka raɗa wa suna IgE, wanda shi ke haddasa borin jini, atishawa da asma. Shekara guda bayan haka aka auna jinin wasu yara a Habasha, aka tarar IgE ɗinsu ya ninka na yaran Suwidin fiye da sau goma, musamman masu macijin ciki. Ashe makamin da ke wahalar da mai asma a Turai, asalin aikinsa yaƙi da tsutsa ne.

A wannan shekara ta 1968 ne wani matashin likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, da ke aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, ya bi kundin marasa lafiya ya lura da wani abu. Cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa mai ita, irin amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsu, ba su da yawa a tsakanin 'yan Najeriya idan aka kwatanta da Turawa. Ya rubuta a mujallar Lancet cewa mai yiwuwa yawan zama da ƙwayoyin cuta masu rayuwa a jikin mutum, irin na zazzaɓin cizon sauro, shi ke sanyaya garkuwar. A ganina nan ne tushen zancen yake, kuma ya kamata ɗalibanmu su san cewa daga ƙasarmu ya tsiro. Greenwood ya koma Jami'ar Ahmadu Bello a 1970, ya yi shekara goma a Zariya yana aiki a kan sanƙarau da zazzaɓi. A cikin waɗannan shekarun ne kuma aka gudanar da binciken cututtuka na Malumfashi, inda R. N. H. Pugh da Herbert Gilles suka bibiyi tsargiya a ƙauyukan ƙasar Katsina, maƙwabtan Zamfara, masu kududdufai irin namu.

Can Landan kuwa, wasu masana biyu, Smithers da Terry, sun nuna cewa babbar tsutsar tsargiya tana lulluɓe jikinta da sinadaran jinin mai ɗauke da ita, kamar baƙon da ya ari rigar ɗan gida. Garkuwa ba ta gane ta, amma tana kashe sababbin 'ya'yan da ke shigowa ta fata. A 1975 Anthony Butterworth ya nuna, da jinin marasa lafiya a Kenya, irin ƙwayoyin farin jinin da ke yin wannan kisa. A 1991 Paul Hagan da abokan aikinsa suka tabbatar a Gambiya cewa gwargwadon yadda IgE mai yaƙar tsutsa ke ƙaruwa da shekaru, gwargwadon yadda mutum ke tsira daga sake kamuwa. Abin da dattawa suka gani da ido ke nan: jiki yana koyon faɗan, sai dai a hankali ƙwarai, kuma yaro yana biyan kuɗin karatun da jininsa.

Wani abin da aka fahimta a hanya shi ne, yawancin ɓarnar tsargiya ba tsutsar ce ke yin ta kai tsaye ba. Ƙwai ne ke maƙalewa a bangon mafitsara, garkuwa ta kewaye kowane ɗaya da tsiro, tsiron ya zama tabo. Tabon nan shi ke toshe hanyar fitsari, ya lalata ƙoda, ya raunata al'aurar mata, wani lokaci ya kai ga kansar mafitsara. Saboda haka lallashin da tsutsa ke yi wa garkuwa fuska biyu gare shi: yana ba ta damar daɗewa, yana kuma rage wa jiki ƙone kansa.

A 1989 David Strachan ya duba bayanan yara fiye da 17,000 a Birtaniya, ya ga 'yan gidan yawa, masu yayye da dama, ba su cika borin hanci ba. Sai tsohon tunanin Greenwood ya sake tasowa. A Benezuwela, a 1993, an ba yaran unguwannin talakawa maganin tsutsa, sai alamun bori suka ƙaru a fatarsu. A 2000 ƙungiyar Maria Yazdanbakhsh ta Jami'ar Leiden ta yi aiki da 'yan makaranta a Lambarene ta ƙasar Gabon, ta gano masu tsargiya ba su cika borin ƙurar ɗaki ba, kuma jininsu na da yawan wani sinadari mai kwantar da garkuwa, IL-10. Daga baya ɗakin binciken Rick Maizels a Sikotland ya ciro wani sinadari daga tsutsar hanjin ɓera, wanda ke kwaikwayon saƙon da jiki ke aika wa dakarunsa cewa su tsagaita.

Daga nan wasu suka yi tunanin mayar da tsutsa magani. David Pritchard na Jami'ar Nottingham ya sanya wa kansa tsutsar hanji mai shan jini a 2004 don ya gwada. A Amurka Joel Weinstock ya shayar da masu gyambon hanji ƙwan wata tsutsar alade. Gwajin farko ya ba da fata, amma da aka faɗaɗa shi zuwa ɗaruruwan mutane, bai fi ruwan banza amfani ba. Yau an fi karkata ga ciro sinadaran a yi magani da su, a bar tsutsar.

Ina jan hankali a nan, don kada wani ya ji wannan labari ya ce a ƙyale yaro da tsutsarsa. Yaron Zurmi da ke fitsarin jini yana fama da ƙarancin jini, tsumburewa da kasala a aji, kuma ba asma ce babbar barazanarsa ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu tsargiya. Maganinta, praziquantel, tun shekarun 1970 aka samar da shi, kamfanin Merck na ba da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2007, kuma a Zamfara ma'aikatar lafiya da ƙungiyar Sightsavers sun yi shekaru suna raba shi.

Ɓangaren binciken da ya fi shafar mu shi ne na riga-kafi. Garkuwar da tsutsa ta lallasa ba ta amsa kira da ƙarfi. A Habasha an ga waɗanda aka fara ba maganin tsutsa sun fi karɓar allurar BCG ta tarin fuka, kuma a Yuganda Alison Elliott da abokan aikinta sun shafe shekaru suna bin wannan batu a Entebbe da tsibiran Tafkin Biktoriya. Yawancin rabon magani a makarantu ake yin sa, ana auna tsawon yaro a jikin sanda a ba shi ƙwayoyi daidai tsayinsa. A ƙauyukan Shinkafi, Zurmi da Ƙaura da 'yan bindiga suka tayar, makarantu da yawa a rufe suke, almajiri da ɗan makiyayi dama ba sa cikin aji, kuma iyalan da suka yi gudun hijira galibi a bakin tafki suke samun ruwan wanka da wanki. Waɗannan yaran su ne maganin tsutsa ke wucewa, su ne kuma ake fatan ɗigon shan-inna da allurar ƙyanda su kama jikinsu sosai ranar da ma'aikatan lafiya suka samu hanyar isa gare su.