Jimlar da Ta Juyo Ta Dubi Kanta

"Wannan maganar ƙarya ce." Mai karatu ya auna ta. In gaskiya ce, to ƙarya ce kamar yadda ta faɗa. In kuwa ƙarya ce, ashe gaskiya ta faɗa. Masana falsafar Girka sun san wannan ƙulli tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), malaman manɗiƙi irin su Asiruddin al-Abhari kuma suka yi ta bitarsa a ƙarni na 13. An daɗe ana ɗaukarsa kacici-kacici kawai.

Wasa ya ƙare a 1902, lokacin da Bertrand Russell ya rubuta wa Gottlob Frege cewa irin wannan ƙulli yana nan a gindin tsarin da Frege ya gina wa lissafi. Sai David Hilbert na Jamus ya ɗaura ɗamarar kafa tsarin da babu saɓani a cikinsa, wanda kuma zai yanke hukunci a kan kowace magana ta lissafi.

A watan Satumba na 1930, a wani taro a birnin Konigsbag, wani saurayi ɗan shekara 24 daga Viyana, Kurt Gödel, ya nuna wannan buri ba zai cika ba. Dabararsa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san ramzi, inda mawaƙanmu na ajami ke ɓoye shekara a cikin haruffa. Shi ma ya ba kowace alama lamba, kowace jimla lamba, kowace hujja lamba, ta yadda za a iya warware lambar a koma ga jimlar. Da haka lissafi ya sami bakin yin magana a kan jimlolinsa. Sai ya ƙera jimla mai cewa: "Babu hujjar da za ta tabbatar da ni a wannan tsari." In tsarin ya tabbatar da ita, ya saɓa wa kansa. In ya kasa, ta faɗi gaskiya, ga gaskiya ke nan babu hujja. Ya buga aikin a 1931.

A 1934 Rudolf Carnap ya fito da ƙa'idar fili: kowace siffa da tsarin zai iya furtawa, akwai jimlar da ke jingina wa kanta ita. Shi ya sa a 1952 Leon Henkin ya yi tambaya game da jimla mai cewa, "Ina da hujja." Martin Löb ya amsa a 1955: lalle tana da ita.