Aksil Ɗin Ford Mai Inci 9 Da Yadda Ya Shiga Ƙarƙashin Motocin Chevrolet

Akwai abin da ke ba baƙo mamaki a garejin masu gyaran tsofaffin motocin Amurka. Sai ka ga Chevrolet ta 1969, inji nata, jiki nata, amma ka leƙa ƙasa ka tarar aksil ɗin baya na Ford ne, alhali kamfanonin biyu kishiyoyi ne tun fil azal.

Ford ya fito da wannan aksil a 1957. Ana ce masa mai inci 9 saboda faɗin babbar giyar da ke cikinsa. Kusan shekara 30 ana saka shi a Galaxie da Thunderbird da Mustang masu babban inji da a-kori-kura irin su F-100 da kuma Bronco, sai a 1986 aka daina, mai inci 8.8 ya gaje shi.

Abin da ya sa makanikai suka ƙaunace shi shi ne yadda ake buɗe shi. Na General Motors, waɗanda ake kira mai noti 10 da mai noti 12, murfinsu a baya yake, giyoyin kuma a cikin kwanson ake daidaita su, makanike na kwance a ƙarƙashin mota. Na Ford kuwa, in ka janye sandunan biyu da ke juya taya, ka sauke farfela, ka kwance noti 10, sai cikin gaba ɗaya ya fito ta gaba, ka ɗora a kan tebur ka yi aikinka a tsaye. Masu tsere kan ajiye ciki biyu: mai 3.00 don doguwar hanya, mai 4.11 don fizga, su sauya a yini guda.

Sannan ƙaramar giyarsa tana da boris na uku a bakinta, don haka ba ta lanƙwasa in inji ya matsa. Kuma a ƙasa-ƙasa take zaune, haƙora suna kamawa sosai, ko da yake hakan na ɗan cin ƙarfin inji da mai. Abu mafi muhimmanci a ganina shi ne riƙon sandar. A yawancin na GM wani ɗan ƙarfe mai siffar C ne ke riƙe ta daga ciki. In ta karye, taya na iya ficewa da guntunta mota na gudu. Na Ford a bakin kwanso ake ɗaure ta da boris da faranti.

Chrysler ma ya yi irinsa, mai inci 8¾, daga 1957 zuwa 1974. Aksil ne mai kyau, sai dai na Ford ya fi cika wuraren sayar da tsoffin kayan mota.

To amma ba kowane mai inci 9 ne ke shiga kowace mota ba, nan ne mutane ke asarar kuɗi. Na a-kori-kura ya yi wa Mustang faɗi, taya za ta goga jiki. Sandunan iri biyu ne, mai tsaga 28 da mai 31, kuma ba sa shiga cikin juna. Boris ɗin bakin kwanso akwai babba akwai ƙarami. Notunan wili biyar ne, amma da'irarsu inci 4.5 ce a yawancin ƙananan motocin Ford, 5.5 a a-kori-kura, 4.75 a Camaro da Chevelle. Mazaunin sifirin kuma sau da yawa sai an yanke an sake walda. In aka kuskure kusurwar, farfela ta dinga kakkarwa. Shi ya sa aka yi ta farautar na Lincoln Versailles na 1977 zuwa 1980: faɗinsa ya yi kusa da na Mustang na farko, ga birkin faifai a baya.

Akwai kuma mai inci 8, wanda ya yi kama da shi ƙwarai har a kan sayar da shi da sunan mai 9. Gwajin da aka saba shi ne notunan ƙasa guda biyu: in soket ta shiga kai tsaye, mai 8 ne, mai 9 sai da sifana.

Yau kamfanoni irin su Currie da Moser da Strange suna ƙera shi sabo dal, da faɗin da ka nema. A tseren NASCAR ma motocin Chevrolet da Toyota da irin wannan aksil suka yi ta gudu, har zuwa 2022 da aka sauya fasalin motar tseren.