Shekara Ashirin Kafin a Rera Waƙa Ɗaya: Rigimar da ta Raba 'Yan Baptis na Landan

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen majami'ar Baptis a Kaduna ko Jos da safiyar Lahadi ya san cewa waƙa ce ke fara yi masa maraba tun daga bakin titi: ganga, caki, muryoyin zumuntar mata. Zai yi wuya ya yarda cewa akwai zamanin da kakannin wannan ɗariƙa suka ɗauki rera waƙa tare a cikin sujada a matsayin bidi'a, har ikkilisiya ta tsage biyu a kanta. Amma haka aka yi a Landan a ƙarshen ƙarni na 17.

Tushen ƙyamar ya girmi rigimar. 'Yan Baptis na farko sun ɓalle daga Cocin Ingila ne saboda ƙin duk wata ibada da aka tsara a takarda aka ɗora wa jama'a. John Smyth, wanda ya kafa ikkilisiyarsu ta farko a Amsterdam a 1609, ya tsananta har yana ganin bai dace a riƙe littafi a hannu ba a lokacin da ake ainihin sujada, domin abin da ya fito daga zuciya da ikon Ruhu shi kaɗai ne karɓaɓɓe. Idan addu'ar da wani ya rubuta ba ta halatta ba, ina dalilin halatta waƙar da wani ya tsara, ya daidaita mata kari da amsa-amo?

Akwai kuma dalilin tsira da rai. Dokokin 1664 da 1670 sun haramta taron ibada a wajen cocin gwamnati, an kuma ware wa 'yan tsegumi kaso daga tarar da aka ci. Mutanen da ke taruwa a ɓoye ba su da sha'awar ɗaga murya. Sai dai a Bristol, ikkilisiyar Broadmead ta juya abin: mai wa'azi yana bayan labule, da an ba da alamar 'yan tsegumi sun iso sai kowa ya kama rera Zabura, a janye labulen, a rasa wanda za a ce shi ne ya yi wa'azi.

A wannan yanayi Benjamin Keach ya zo Landan a 1668. Tela ne, an haife shi a 1640, kuma ya riga ya ɗanɗana: a 1664 an sa shi a turu a kasuwar Aylesbury saboda wani ɗan littafin koyar da yara da ya rubuta. Ya zama fasto a Horsleydown, a unguwar Southwark, kudu da kogi. Abin da ya fi ba ni sha'awa game da shi shi ne haƙurinsa. Wajen 1673 ya shawo kan jama'arsa su rera waƙa ɗaya a ƙarshen Jibin Ubangiji, da hujjar da ba mai iya musunta ta: Matiyu ya ruwaito cewa Yesu da almajiransa sun yi waƙa bayan jibin ƙarshe. Bayan wasu shekaru aka ƙara da ranakun godiya. Sai a 1691, bayan Dokar Sassauci ta 1689 ta kawar da tsoron kamu, ikkilisiya ta amince a riƙa yin waƙa kowace Lahadi.

Dubi inda aka ajiye waƙar a tsarin sujada: a can ƙarshe, bayan wa'azi da addu'a, domin wanda lamirinsa bai yarda ba ya tashi ya fita ba tare da ya rasa komai ba. Dabara ce ta mai son riƙe garke. Ba ta wadatar ba.

Jagoran masu adawa shi ne Isaac Marlow, wanda ba fasto ba ne, amma alƙalaminsa ba ya gajiya. A 1690 ya wallafa hujjojinsa, kuma bai kamata a yi musu dariya ba. Ya ce waƙar zamanin manzanni baiwa ce ta musamman daga Ruhu, kamar magana da harsuna, ta wuce da zamaninta. Ya ce a taron Lahadi akwai baƙi waɗanda ba su tuba ba, sanya kalmomin bangaskiya a bakinsu koya musu ƙarya ne a gaban Allah. Ya kuma kawo umarnin manzo Bulus ga Korintiyawa cewa mata su yi shiru a cikin ikkilisiya: to, mace mai waƙa ta yi shiru ke nan? Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi nuna girman abin da ake taƙaddama a kai. Tambayar ita ce muryar wa ke da izinin fita a ɗakin ibada.

Keach ya mayar da martani a 1691 da littafinsa The Breach Repaired in God's Worship, ya dogara da wasiƙun Bulus zuwa ga Afisawa da Kolosiyawa, inda aka ambaci zabura da waƙoƙin yabo. Hujjarsa mafi kaifi, a ganina, ta hankali ce: fasto yakan zauna ya shirya wa'azinsa tun kafin Lahadi, ba wanda ya ce Ruhu ya guje shi, me ya sa shirya waƙa zai zama laifi? A shekarar ya fitar da tarin waƙoƙinsa kusan 300. Gaskiya ita ce, Keach ya fi ƙwarewa a jayayya fiye da waƙa. Baitocinsa sun yi nauyi, da wuya a same su a littattafan waƙoƙin yau.

Takardun raddi suka yi ta yawo, manya suka rabu: Hanserd Knollys ya goyi bayan waƙa, William Kiffin ya tsaya a ɗaya ɓangaren. Zagi ya yi yawa har babban taron ɗariƙar na 1692 ya naɗa kwamitin mutum bakwai. Kwamitin bai yanke hukunci kan halaccin waƙa ba; ya tsawata wa ɓangarorin biyu kan munanan kalamai, ya nemi a janye littattafan da suka wuce gona da iri. Duk da haka, mutum fiye da ashirin suka bar Horsleydown, suka kafa tasu ikkilisiya a Maze Pond, inda ba a waƙa.

Yadda ake rerawa a lokacin ma abin lura ne. Littattafai sun yi ƙaranci, da yawa ba su iya karatu ba, don haka mutum ɗaya ke karanta layi, jama'a su karɓa da rerawa, kamar mawaƙi da 'yan amshinsa, sai dai a hankali ƙwarai kuma ba kiɗa ko kaɗan.

Abin da ya kashe gardamar ba wata sabuwar hujja ba ce, ingancin waƙoƙi ne. Isaac Watts, wanda ba ɗan Baptis ba ne, ya wallafa nasa a 1707, jama'a suka kama su. A 1736 Maze Pond ta nemi Abraham West ya zama fastonta, ya gindaya sharaɗin sai an yarda da waƙa, aka yarda. A 1760 aka buga waƙoƙin Anne Steele, 'yar wani mai wa'azin Baptis a ƙauyen Broughton, kuma tarin da aka fitar a Bristol a 1769 ya ɗauki da dama daga cikinsu. Shekara saba'in bayan Marlow ya ce kada mace ta buɗe baki, maza suna rera kalmomin da mace ta rubuta.

Ikkilisiyar Keach kuwa ta ci gaba da riƙe ragamar. Fastonta John Rippon ya fitar da zaɓaɓɓun waƙoƙi a 1787, littafin da ya yaɗu a Ingila da Amurka. Ita ce kuma ta kira Charles Spurgeon a 1854, ta koma babban ginin Metropolitan Tabernacle a 1861. A can mutum wajen dubu biyar ke rera waƙa kowace Lahadi, mutum ɗaya a gaba yana ba da kari. Spurgeon bai yarda a shigo da molon coci ko wani kayan kiɗa cikin sujadar Lahadi ba har ya rasu a 1892.