Baƙin da Aka Ɗauko Don Jiragen Yaƙi

Sa'ad da Gwamnatin Nijeriya ta yi niyyar kafa rundunar mayaƙan sama, sai ta roƙi Jamus ta Yamma ta aiko da hafsoshi su koyar. Aka kafa rundunar cikin shekara ta 1964, Kanar Gerhard Kahtz ne shugabanta na farko. Amma koyon tuƙin jirgin yaƙi ba aikin damina ɗaya ba ne. Bayan juyin mulkin Janairu 1966 Jamusawa suka naɗe tabarmarsu, almajiransu kuwa ba su gama ƙwarewa ba.

Da yaƙin basasa ya ɓarke cikin Yuli 1967, Ingila da Amurka suka ƙi sayar mana da jiragen yaƙi. Janar Gowon ya juya wajen Rasha, cikin Agusta aka sauke jiragen MiG a Kano. To, ga doki, ina mahayi? Tilas aka ɗauko Misirawa da waɗansu Turawa 'yan haya. Waɗannan ba malamai ba ne, 'yan ƙodago ne, ɗan ƙodago kuwa yana tattalin ransa. Yawancinsu ba su tashi da dare, alhali da dare ne jirage ke sauke wa Biyafara makamai da abinci a filin Uli. Filin nan bai faɗi ba sai da sojan ƙasa suka shige shi cikin Janairu 1970.