Yadda aku ya koya wa Arewa son karatu

1/ Ni dai a aji haɗa baƙi kawai na koya. Karatu na gaske, irin wanda tuwo zai huce a gabanka ba ka sani ba, a ɗakin Yayata na koye shi a Kibiya, da littattafan soyayyar da take ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Na daɗe ina jin kunyar faɗa. Sai da na shiga jami'a na gane abin yana da tarihi. Ku biyo ni.

2/ A 1933 akwai wani Bature a Zariya, Rupert East, shugaban Hukumar Fassara. Ya lura cewa 'yan makarantar boko sun iya karatu, amma ba su da abin karantawa na jin daɗi, sai littattafan darasi da na fassara. Sai ya zagaya garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙago labarai da Hausa, aka sa gasa.

3/ Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. An haifi Imam a 1911, ke nan yana da shekara 22 lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Sa'ana ne fa. Ni kuwa jinga mai shafi biyar sai ta hana ni barci.

4/ A 1936 East ya sa aka ba da aron Imam zuwa Zariya don ya rubuta littafin karatu na makarantu. Abin da ya haifar da Magana Jari Ce ke nan, juzu'i uku, suka fito daga 1937. Ku duba dabarar littafi na ɗaya. Ana so a hana Musa ɗan sarki fita ya bi sahun mayaƙa. Ba a ɗaure shi ba, ba a doke shi ba. Aku ne yake ta jero masa labari, wannan na ƙarewa wani na shigowa, har gari ya waye bai fita ba.

5/ A ganina Imam malamai yake yi wa hannunka mai sanda. Abin da aku ya yi wa Musa shi littafin yake yi wa yaron da ke kan benci. Kuma bai ƙyamaci kayan kowa ba: ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, ya ɗebo daga tatsuniyoyin Turawa, ya sa musu riga da hula har ba ka gane baƙi ne. Abin takaici, da littafin ya iso hannunmu ya riga ya zama kayan jarrabawa. Ana tambayarmu jigo da salo, ba wanda ya tambaye mu ko mun yi dariya.

6/ Bayan nan sai Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Imam na edita. Sai hukumar NORLA da ta yi ta buga ƙananan littattafai masu araha a zamanin Yaƙi da Jahilci, kafin a rufe ta a 1959. Sai kamfanin NNPC a 1966. Duk daga sama abin yake zuwa.

7/ A shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, sai abin ya juyo daga ƙasa. Matasa suka fara buga nasu da kuɗinsu. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila?, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna. 'Yan jami'a suka raɗa masa Adabin Kasuwar Kano, da ɗan raini a ciki. Shagunan haya suka buɗe. A wajenmu, duk mai shiga Kano sai an ba shi sautu. Littafi ɗaya zai zaga gidaje daga Kibiya har Rano, ya dawo bango ya cire, an ɗinke shi da zare.

8/ Me hukuma ta yi? A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan Hausa da aka ƙwace daga hannun 'yan makaranta mata. Ba zan yi ƙarya ba, a cikin littattafan nan akwai shirme, akwai waɗanda ba zan ba ƙanwata ba. Amma yarinyar da aka kama da littafi a cikin hijabi ta riga ta yi abin da East ya zaga Arewa yana nema: ta zaɓi littafi da kanta, ba wanda ya sa ta.

9/ Ni ma an taɓa ƙwace nawa a sakandare, har da bulala. Ɗakin karatun makarantar kuwa kullum da kwaɗo, wai kar mu lalata littattafan. Amma akwai malamin Hausa ɗaya da duk ranar Alhamis yake karanta mana labari da murya, in ya zo daidai inda numfashi ya tsaya sai ya rufe, ya ajiye littafin a kan tebur, ya fice abinsa. Har dambe an yi a kan littafin nan. Bai taɓa ce mana karatu yana da muhimmanci ba.

10/ Yanzu labaran sun koma WhatsApp da Wattpad, BBC Hausa kuma tana gasar Hikayata tun 2016. Masu cewa yaran yanzu ba sa karatu, ku leƙa wayar ƙannenku da daddare.

11/ Hutun da ya wuce na kai littattafai goma sha biyu gida a kwali, na ajiye a zaure ban ce wa kowa komai ba. Tara sun dawo. Ruwan Bagaja yana Rano wajen wani yaro da ban ma san shi ba, an ce sai ya gama karanta wa kakarsa.