Daga ina mugun mariƙi ya fito?

Duk wanda ya yi lakkwal a ƙasar nan ya gamu da Kozet, ko a dikte, ko a littafin karatu mai hoton yarinya riƙe da tsintsiyar da ta fi ta tsawo. Tun kafin mu san ta, mun san marainiyar tatsuniya da kishiyar uwa ke aike rafi da dare. Abin da nike so mu duba, ƴan uwa, shi ne dalilin da ya sa mutumen nan mai cin amanar maraya bai ƙarewa cikin littattafai. Ni a ganina marubuta ba su ƙago shi ba. Doka ce ta yi shi, su kuma suka tarar da shi.

Mu fara da Ingila. A 1540 Sarki Henri na 8 ya kafa kotu ta musamman don marayun masu ƙasa. In babban mai gonaki ya mutu ya bar magaji ƙarami, riƙon yaron na sarki ne, sarki kuma ya kan sayar da riƙon ga wanda ya biya. Mai saye ya ci amfanin gonakin har yaro ya cika shekara 21, kuma shi ke zaɓa mishi mata. In ya ga dama ya haɗa shi da ɗiyarshi, dukiya ta zauna gida. Ke nan maraya haja ne a kasuwa. Sai a 1646 majalisa ta rushe kotun, aka tabbatar da rushewar a 1660. Cikin zamanin nan, a 1595, aka buga wata waƙa da ta yi suna ƙwarai, ta yara biyu da ɗan uwan ubansu ya sa a kai daji a kashe don ya gaje su. Masu saurare ba su buƙaci a yi musu bayani ba, sun san irin mutumen.

Wannan ke nan maraya mai gado. Akwai na biyu, wanda bai da komi sai ƙarfin hannunshi, kuma shi ne ya cika littattafan ƙarni na 19. Dikins ya fara fitar da Oliver Twist a 1837, shekara uku bayan sabuwar dokar matalauta ta 1834, ya nuna matar da ake biya kuɗɗin abincin marayu tana soke mafi yawa a aljihunta. Amma wanda ya fi kowa iya zana mutumen nan, a wurina, Biktor Hugo ne cikin Les Misérables, 1862.

Ku tuna lissafin, don labarin duka lissafi ne. A 1818 Fantin ta bar ɗiyarta wurin Tenardiye da matarshi, masu masauki a Monfermel, a kan faran 7 kowane wata. Suka ƙara zuwa 12, suka ƙara zuwa 15. Suka jinginar da tufafin yarinya, suka sa ta shara da ɗibar ruwa tun ba ta kai shekara biyar ba. Suka rubuta wa uwar cewa ɗiya na cikin sanyi, ta sayar da gashin kanta faran 10. Suka rubuta cewa ba ta da lafiya, ta sayar da haƙoranta biyu na gaba faran 40. Da Jan Baljan ya zo ɗaukar ta a ƙarshen 1823, sai da ya aje faran 1,500. An ci kuɗɗi wurin uwa, an ci aiki wurin ɗiya, an sake sayar da ita a ƙarshe. Ku lura kuma, yawancin shekarun nan Kozet ba marainiya ba ce. Uwarta na raye, talauci ne da kunyar haihuwa ba aure suka raba su.

Hugo bai yi ƙari ba. A Faransa ta lokacin, kai jarirai ƙauye wurin mata masu shayarwa don kuɗɗi sana'a ce babba, har da dillalai masu ɗaukar su a amalanke daga Paris, kuma da yawa ba su komowa. Dokar 1841 ta hana sa yaro ƙasa da shekara 8 aiki, amma a masana'antu. Ba ta leƙa ɗakin girkin kowa ba. Sai a 1874, shekara 12 bayan littafin, aka yi dokar Rusel wadda ta sa hukuma ta riƙa sa ido kan yaran da aka ba riƙo don kuɗɗi. Ita ma yaran da ba su kai shekara biyu ba ta shafa. Kozet ta kusa uku ranar da aka aje ta. Ko da dokar na nan, da ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar Tenardiye.

To mu fa? A nan riƙo ba ciniki ba ne a asali, zumunci ne, kuma gidaje nawa ne a Maraɗi ko Damagaram da ɗan riƙo ya tashi bai san bambanci ba. Wannan ne ma ke ba ni haushi da tatsuniyoyinmu wani lokaci: kullum kishiyar uwa ce muguwa, uban da ke zaune a zaure yana ji yana gani ba a kiran sunanshi. Haka Bernar Dadiye na Kodebuwa ya yi a Le Pagne noir, 1955, inda aka aiki Ayiwa ta wanke baƙin zane sai ya yi fari. Mace ce ke ɗaukar laifin, alhali gona da gida da takardar fili, a hannun baffa suke salwanta. Suratun Nisa'i ta fi tatsuniya sanin inda matsalar take: a kan dukiya ta tsaya, ta ce a miƙa wa maraya kayanshi in ya yi hankali, kuma a kafa shaidu ranar miƙawa. Shaidun nan su ne abin da Kozet ba ta samu ba, su ne kuma yarinyar da aka kawo birni daga ƙauye “don ta yi karatu”, ta ƙare da talla da wanke-wanke, ba ta samu.

Tatsuniya kan rama wa maraya: muguwa ta ga likkafani, ko ɗiyarta ta komo da kutare. Hugo ya ƙi yi mana wannan alfarma. Matar Tenardiye dai ta mutu a kurkuku, amma shi mijin, a ƙarshen littafin Mariyus ne da kanshi ya ba shi kuɗɗi don ya rabu da shi. Ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka, ya zuba kuɗɗin a cinikin bayi.